Yadda ƙanena ya yi wa wilin motarsa fenti a gida har sau uku kafin fentin ya zauna

Asalin maganar, Nuwamba 2023

Yaron ɗan ƙanwar mahaifiyata ne, a gidanmu ya tashi nan Gyaɗi-Gyaɗi, yana ɗan buga-bugarsa ta waya a kasuwar Fam Santa. Motarsa Honda Accord ce ƙirar 2005, wadda ake ce wa EOD, ta hannu ya saya, injinta lafiya lau, jikinta ma ba laifi, amma wili huɗun nan su ne suke tona mata asiri. Aloyi ne, wato wilin alminiyam, inci 16, noti biyar-biyar, asalinsu ruwan azurfa. Na gaba na dama bakinsa duk ya ciccinye saboda kwalbatin shiga lungunmu, duk wanda ya san lungun ya san in ba ka buɗe hannu sosai ba sai ka goga. Sauran ukun kuma kiliyar da ke samansu, wato shafin ƙarshe mara launi mai ba fenti sheƙi, ta fara tashi tana ɓarewa kamar fatar albasa, ƙarƙashinta wani farin gari-gari ya fito, wanda shi ne irin tsatsar alminiyam, don shi ba ya yin ja irin na ƙarfe. Ga kuma sawun ƙarafan masu faci a baki, ga baƙin ƙurar birki da ta riga ta kama ta ƙi fita ko an wanke.

Ya je Ƙofar Ruwa ya tambayi wani mai fentin mota, mutumin ya faɗa masa kuɗi ya kuma ce sai an bar masa wilin kwana uku. Ya dawo yana mita wai kuɗin ya yi yawa a kan abin da bai fi faranti huɗu ba, kuma ga bikin abokinsa ƙarshen Disamba shi zai ɗauki abokan ango. Daga nan ya shiga YouTube, ya ga wani bature ya gama wili huɗu cikin minti goma sha biyu na bidiyo, shi ke nan magana ta ƙare a wajensa. Bai taɓa riƙe gwangwanin fenti ba sai na rubuta "ba a fitsari a nan" a jikin katanga.

Gwaji na farko, Asabar ta biyu a Disamba

Kayan da ya saya: gwangwanin baƙin fenti mai sheƙi guda 2, samfefa falle ɗaya da shi kansa bai san lambarta ba, sai salatif da tsohuwar jarida. Bai cire taya daga jikin mota ba. Ya wanke wilin da omo, ya ɗan goga samfefar sama-sama inda hannunsa ya kai, ya liƙa jarida a jikin taya, ya fara fesawa wajen ƙarfe 3 na yamma a ƙofar gida, hunturu ya riga ya sauka, hazo ko'ina, iska na kaɗawa. Gaba ɗaya aikin bai kai awa biyu ba.

Tun kafin ya gama na farkon matsala ta nuna kanta. Wasu ƙananan ramuka zagayayyu suka rinƙa buɗewa a cikin ɗanyen fentin kamar idon kifi, ya fesa ya rufe su sake buɗewa. Dalilin shi ne man sheƙin taya da yaran wankin mota suke shafawa, akwai silikon a cikinsa, yana fantsama a kan wili kuma wanki ɗaya da omo ba ya fitar da shi, fenti kuwa ba ya kwanciya a kan silikon, gudunsa yake. Da ya ga ramukan sai ya matso da gwangwanin kusa ya danna da ƙarfi don ya cike su, fentin ya taru ya fara hawaye yana gangarowa, don wilin a tsaye yake. Sannan ƙura ta zo ta zauna a kai, da ya bushe in ka shafa sai ka ji kamar ka shafa bangon da ba a yi wa filasta ba. Fentin ya kuma bi ta ramukan wilin ya sauka a kan faifan birki, wani ya hau gefen ƙofa.

Daga nesa dai da daddare ba laifi, haka aka yi bikin. Kwana 9 bayan bikin ya kai ta wanki, yaron ya saita mata ruwan injin nan mai ƙarfi, baƙin fentin ya rinƙa tashi falle-falle yana bin ruwa. Abin da ya saura ina sa farce yake ɗagowa. Motar ta koma dabbare-dabbare, baƙi a nan azurfa a can, har Umma da ba ruwanta da mota sai da ta ce "wai ni kam kyanda motar taka ta yi ne?"

Gwaji na biyu, tsakiyar Janairu 2024

Wannan karon ya gane cewa rashin guga ne, sai ya wuce gona da iri. Ya ɗaga motar da jak ya ɗora ta a kan bulo (abin da na yi masa faɗa a kai, bulon siminti yana iya fashewa ba sallama, daga baya muka aro ƙafafun ƙarfe wajen wani makanike), ya cire tayoyin huɗu ya shigo da su tsakar gida. Ya sayi samfefa mai lamba 80, mai kaushin nan, ya wuni biyu yana gurza har ya kai ga tsurar alminiyam yana walƙiya. A samfefa ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babbar lamba mai laushi, 80 ta cin abu ce ba ta gyaran fuska ba, shi kuma daga ita bai bi da komai ba.

Da ya je sayen firaima, wato fentin da ake fara shafawa kafin kala, sai ya shiga shagon kayan gini, aka ba shi jar firaimar nan da masu walda ke shafa wa get da tagogi. Ita wannan don baƙin ƙarfe aka yi ta, ta hana shi tsatsa. Ya shafa ta da buroshi da yamma, washegari da safe ya bi ta da baƙin fenti na wani kamfani daban, gwangwani 3, sai kiliya gwangwani 2. A wili biyu fentin ya yamutse nan take, ya tattare kamar saman madarar da aka tafasa ta huce, saboda tinar da ke cikin fentin gwangwani ta fi ƙarfin jar firaimar da ba ta gama bushewa ba, ta jiƙa ta ta ɗaga ta. A sauran biyun ya kwanta, amma duk sawun samfefa 80 ya fito raɗau ta cikin sheƙin, layi-layi, baƙi mai sheƙi kuwa ba ya rufa wa kowa asiri.

Babbar matsalar ba ma wannan ba ce. Don son aiki ya yi kyau ya fesa ko'ina, har cikin ramukan da noti ke zama, har bayan wilin inda yake haɗuwa da hob, wato ƙarfen motar da ake ɗaure wilin a jikinsa. Ya mayar da tayoyin da yammar ranar, ya ɗaure noti da sifana ya hau kai da ƙafa. Bayan kwana huɗu yana kan titin Zariya wajen Na'ibawa ya fara jin wata ƙara ƙwas ƙwas daga baya, sitiyari na ɗan rawa, ya tsaya wajen mai faci, aka sa sifana aka tarar noti uku na tayar baya ta hagu da yatsa ma za ka iya juya su. Abin da ya faru, notin a kan fenti ya zauna ba a kan ƙarfe ba, da zafin birki da nauyin mota suka murƙushe fentin sai wuri ya buɗe, ɗaurin ya saki. Allah ne ya tsare, da a hanyar Kaduna ne yana gudu da wani labarin ake.

Zama wajen mai fenti, farkon Fabrairu

Ni na ja shi muka koma wajen mutumin Ƙofar Ruwan nan da ya raina wa kuɗi, muka ɗauki wili ɗaya a but. Dattijo ne, ya juya wilin ya sa farce ya ɓantaro fentin har jar firaimar ta biyo, ƙasan fes kamar ba a taɓa shafa komai ba.

"Yaro, wa ya ba ka jar firaima a kan alminiyam?"

"Baba, a shago aka ce min tana kama kowane ƙarfe."

"To ai wannan ba kowane ƙarfe ba ne. Ka iya wanke kwano?"

Ya ce ya iya. Baba yace to rabin aikin ke nan, sauran rabin samfefa, feshin da kake ɗoki shi ne ɗan ƙaramin ciki.

Bayanin da ya yi mana, wanda na ƙara bincikawa daga baya na ga haka ne: alminiyam da zarar an goge shi iska ta taɓa shi yake yin wata siririyar fata da ido ba ya gani, fenti na yau da kullum ba ya riƙe ta. Shi ya sa ake da firaima ta musamman da masu fenti ke kira ecin firaima, akwai ɗan asid a cikinta da ke cizon fuskar ƙarfen ta kama, sannan sauran su kama a jikinta. Ya ce a yi ta siririya, ba a cika ta, kuma in za a sa fila, wato kwaɓin da ake cike rami da shi, a sa ta tun a kan tsurar ƙarfe kafin ecin, ba a bayanta ba. Ya ce firaima da kala da kiliya a sayi na kamfani ɗaya in da hali. Ya murza wilin a ƙasa yana kallon bakinsa ko ya lanƙwashe, ya duba bayansa ko akwai tsaga, yace in da tsaga ba maganar fenti ake ba, kada wanda ya kuskura ya rufe tsagar wili da fila, sai dai a canja shi. Namu babu. Ya kuma ba shi shawara ya haƙura da baƙi ya koma ruwan toka mai duhu, ya fi ɓoye kuskuren sabon hannu kuma ya fi ɓoye ƙurar birki. Bai karɓi ko sisi ba, lemo kawai muka saya masa.

Lokacin naira ta faɗi warwas, kayan shago kullum da sabon farashi, gwangwanin da ya saya a Disamba ya tarar ya ƙara kuɗi sosai. Ecin firaimar ma sai da ya zaga shaguna a Sabon Gari kafin ya samu, masu kayan gini ba su san ta ba, wajen masu sayar da fentin mota take.

Gwaji na uku, ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris

Ya fara da wili ɗaya tak, na baya na hagu, ya sa safaya a wurinsa. Mai faci ya sace iskar tayar ya danna bakinta ƙasa ta rabu da bakin wilin ba tare da an cire ta ba, aka ɓalle dalmar balansin da ke maƙale a baki. Dalilin ƙin cire tayar gaba ɗaya, in an zo mayarwa da ƙarafan nan na hannu sabon fentin ne zai fara shan wahala.

Cire tsohon fentin ya ci masa yini guda, samfefa 180 har ya share sawun 80 ɗin nan, sai 320. Inda ƙarafan masu faci suka ci bakin ya kwaɓa fila kaɗan-kaɗan, don a zafin Kano minti kaɗan take yi ta daskare a kan katakon kwaɓi, kwaɓin farko ma asararsa ya yi. Da ta bushe ya naɗe samfefa a jikin guntun katako ya daidaita bakin, ya rufe ido yana bi da yatsa har ya daina jin gaɓa. Sai wanki, da sabulun wanke-wanke na ruwa da tsohon buroshin haƙori yana bin kowane lungu na wilin, sau biyu, ya ɗauraye. Baba ya koya masa gwaji mai sauƙi, ka zuba ruwa, in ya shimfiɗu ya kwanta to wurin ya fita, in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya akwai sauran maiƙo. Wajen bawul da ramukan noti sai da aka maimaita. Ya shanya ya bushe sarai, ya goge da sifirit da farin tsumma mai tsabta, daga nan bai ƙara taɓa fuskar wilin da hannu ba.

Rufewar ta ba ni dariya amma ta yi aiki, katin wot ya jera a tsaye tsakanin taya da bakin wili zagaye kamar kambu, ya rufe sauran tayar da jarida, ya naɗe bawul da salatif. Ramukan noti biyar ya cusa musu takarda da ya murɗa, bayan wilin inda ke zama a hob ya manne shi gaba ɗaya, bayan ya kankare fentin Janairu daga wuraren har ƙarfe ya fito.

Wurin aikin ma ya canja. Soron gidan ya share tun dare, da asuba bayan an dawo masallaci ya yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ya rataya tsohon zanin gado a ƙofar waje ya bar ta ciki a buɗe iska na wucewa, ya kori yara. Wilin a kwance a kan tebur fuskarsa sama. Yana farawa wajen 6:30 ya gama kafin 9, don in rana ta ɗaga fentin tun a iska yake bushewa kafin ya sauka, ya zama gari-gari. Kowane gwangwani sai ya girgiza shi minti 2 cur da agogon waya. Nisa taƙi guda, wato santimita 20 zuwa 25, hannu na tafiya kafin ya danna kuma bai tsaya a wuri ɗaya ba, ya fara da lunguna da gefen ƙafafun wilin sannan fuska.

Ranar farko ecin firaima shafi 2 sirara har kana hango ƙarfen ta ciki, bayan rabin awa firaima ruwan toka shafi 3, minti 10 zuwa 15 tsakani. Ya bar ta kwana. Rana ta biyu ya bi ta da samfefa 600 da ruwa a hankali har ta yi santsi kamar kwano, wuri ɗaya ya zarce ya huda har ƙarfe, dole ya ɗan sake fesa ecin a wurin ya ƙara jira. Rana ta uku kala shafi 3, sai kiliyar gwangwani shafi 3, na ƙarshen ya ɗan fi jiƙa. Shafin farko na kalar kamar bai yi komai ba, yana tsaye yana cewa "Yaya wannan fa bai rufe ba", nace ka bar shi, a na uku ya rufe ruf. Ƙura biyu-uku sun sauka, ƙaramin ƙwaro ɗaya ma ya faɗa, ya kai hannu zai cire na riƙe shi, bayan ya bushe aka goge wurin.

Kwana 5 wilin ya yi a ɗaki kafin a ba tayar iska. Muka kai wa Baba ya gani, ya sa farce bai tashi ba, yace to yanzu ka yi aiki. Amma ya ce kiliyar gwangwani mai taushi ce, fetur da man birki suna cinta, tasu ta kwamfuresa da ake haɗawa da hadina (ruwan da ke sa ta ƙanƙare), wadda ake kira 2K, ita ce mai tauri. Ya hana shi gwada ta a gida, hadinar tana da sinadarin da ke lalata huhu, takunkumin tsumma ko na asibiti ba ya tare shi, ga gida da yara. Sai aka yi yarjejeniya, sauran ukun yaron zai yi komai har kala a gida, ya kawo da safen nan Baba ya fesa musu kiliya ya biya kuɗin kiliyar da ɗan na hannu. Haka aka yi, a adaidaita sahu aka kai su an kifa wa kowanne kwali. Baba ya fara da shafi ɗaya siriri ya jira ya ga ko kalar za ta tashi, ba ta tashi ba, ya ci gaba.

Ranar mayarwa an kai su balansin, aka ce a sa dalma mai mannewa ta ciki maimakon mai maƙalewa a baki. Noti an fara ɗaura su da hannu, aka bi su a tsallake kamar zanen tauraro, aka ƙarasa da sifana mai auna ƙarfin ɗauri a kan 108 Nm, wanda shi ne ma'aunin Honda na wannan motar. Bayan tafiyar kilomita kamar 80 aka sake dubawa, babu wanda ya motsa. An gama ana saura kwana kaɗan a ɗauki azumi. Mako uku bai bari an sa musu ruwan inji ba, bokiti da soso kawai.

Bayan wata shida, Satumba 2024

Sun sha zafin Afrilu da Mayu, sun sha ruwan damina da taɓon lungu, an wanke su da inji ba adadi. Babu wanda ya ɓare a cikin huɗun. Ukun da aka yi wa 2K sheƙinsu na nan, ƙurar birki da ruwa take fita. Na baya na hagu mai kiliyar gwangwani ya dusashe, in ka jera shi da ɗan'uwansa za ka gani, kuma akwai tabo kamar girman kwabo inda man birki ya ɗiga lokacin da makanike ke fitar da iskar birki a watan Yuli, ya ci kiliyar ya bar wurin fari-fari.

Abin da na gani

Na farko ya faɗi ne saboda maiƙo da rashin guga, na biyu saboda firaimar da ba ta alminiyam ba da haɗa kayan da ba sa jituwa, kuma a duka biyun akwai gaggawa da feshi a cikin ƙura. Hannunsa a feshi bai wani canja sosai ba tsakanin Janairu da Maris, abin da ke ƙarƙashin fentin ne ya canja. A lissafin da muka yi, cikin awannin da wili ɗaya ya ci a gwaji na uku, riƙe gwangwani bai kai awa ɗaya ba, sauran duk samfefa ne da wanki da zaman jira.

Ta fuskar kuɗi kuwa bai ci riba ba, gwangwani 2 a Disamba, 5 a Janairu da jar firaima, 9 a na ƙarshe, ga samfefa da fila da kuɗin mai faci da na Baba, jimilla ta kusa ninka abin da aka ce ya biya tun farko. Da na ukun kaɗai ya yi da ya ɗan samu sauƙi, ba mai yawa ba. Ni a ganina sabon hannu zai iya wannan aikin a gida in yana da soro ko gareji da mako guda da motar za ta zauna, amma kiliya mai hadina a bar wa masu ita, kuma kuskuren da ya fi tsaya min a rai har yau ba na kyau ba ne, fentin nan ne na cikin ramin noti, don a bidiyon da ya kalla ba wanda ya ambata shi.

Na gaba na dama ya sake gogar kwalbatin lungun a watan Agusta, wajen tsawon ɗan yatsa. Fentin bai ɗago daga gefen ciwon ba, iya inda ya gogu ne kawai. Akwai ragowar rabin gwangwanin kala a saman durowarsa, yace sai an gama ruwa zai taɓa wurin.